Layi Huɗun da Yaya Ya Bari

…kuma ba wai ban san inda kuskuren yake ba, Yaya. Da ma a ce ban sani ba. Ga shi nan a gabana, layi huɗu, tun hantsi na buɗe su, laftof ɗin har ta fara ƙona mini cinya. Kalma ɗaya ce tak. Ka rubuta "sakan". Yanzu kuwa ba sakan ba ne, na sani, kuma na daɗe da sani. Yatsana ya san hanyar madannin gogewa ko ido a rufe. To me ya riƙe shi?

Inuwar mangwaron nan sai janyewa take yi tana bari na a rana. Gonarka ce. Har yau haka muke cewa, gonar Yaya, duk da shekara uku ke nan da aka kai ka makwancinka, Anti Hauwa ce ke nomanta. Ga ta can. Matarka, da bokiti biyu, daga magudanar da ta taso daga dam ɗin Tiga zuwa kunyoyin tumatir, ta hau tudu ta sauko, ta hau ta sauko… Na ce ta ba ni ɗaya, ta ce, "Ke dai zauna ki yi aikinki, ai shi ma taimako ne." Taimako. Da ta san irin taimakon da na yi mata.

Kwana huɗu injin ban-ruwa bai ɗaga ko ɗigo ba. Dashen bai fi sati biyu ba. Kunyoyin sama sun kwanta, waɗannan kam sai haƙuri. Na tsakiya sun sunkuyar da kai amma da sauran rai, in ruwa ya zo yau za su tashi. In ya zo. Abincin 'ya'yanka uku ke nan na shekara, a tsaye cikin rana, ni kuma ina zaune ina wa kalma ɗaya kallon tsoro.

Inna har yau idan aka tambaye ta aikina sai ta ce, da safe Zuwaira tana koyar da yara kwamfuta a Bebeji, da yamma kuma tana rubuta wa inji wasiƙa. Ba ta yi nisa da gaskiya ba. Kanel — haka ka ce mini ranar farko, kana zana mini shi da tsinke a ƙasar tsakar gida — shi ne zuciyar manhajar da ke tafiyar da na'ura. A waya yana nan, a kwamfuta yana nan, a abubuwan da ko kallonsu ba ma yi yana nan. Dubban mutane ke rubuta shi a fili, kowa na iya gani, kowa na iya kawo gyara. Masu rubuta kod, wato umarnin da na'ura ke bi, da inji suke magana. Mu masu kundin bayani da mutum muke magana, mutumin da zai zo ya karanta ya san wace lamba zai sa a ina. Ka ce aikin da ba a yabo ne, sai ya lalace ake tuna akwai mai yin sa. Na ce to me ya sa kake yi? Ka ce don wani yana can yana karantawa kuma ba shi da wanda zai tambaya.

Yana nan kuwa. Ashe a gonarka yake.

Wancan ɗan akwatin da ke jikin turke, ƙarƙashin farantan sola, kanel ɗinmu ne a cikinsa. Idan inji ya tashi, akwatin zai jira ruwa ya iso bakin bututu. In lokacin jira ya cika ruwa bai iso ba, sai ya kashe injin don kada ya ƙone a bushe. Dabara mai kyau. Kai ka rubuta yadda ake saita ta: a sa lamba, lambar ta sakan ce, talatin ta ishi yawancin gonaki. Daidai ne. Ranar da ka rubuta daidai ne, wallahi ba ka yi kuskure ba, duk wanda ya ce ka yi sai mun —

Wata takwas bayan rasuwarka wani ya sauya kod ɗin. Ba don mugunta ba, da dalilinsa, akwai na'urorin da ke buƙatar ma'auni mafi ƙanƙanta. Lambar ta daina nufin sakan, ta koma ɗaya cikin dubu na sakan. Ya turo mini imel da ladabinsa, ga sauyi, a daidaita kundin. Na amsa masa: za a gyara. Za a gyara… Wa zai gyara? Aljanu? Sunana ne a jerin masu kula da wannan sashen, a gurbin da naka yake a da.

Tsohon akwatin da ka ɗaura da hannunka tsawa ta cinye shi da damina. Malam Ubale, abokinka na Yako mai gyaran injinan ban-ruwa, shi ya kawo sabo, mai sabon kanel. Ya sa talatin, kamar yadda ka ce. Akwatin ya karanta talatin cikin dubu na sakan, ƙiftawar ido ma ta fi shi tsawo. Inji ya tashi ya mutu. Ya tashi ya mutu. Bawan Allah ya kwance shi, ya ɗaure a bayan babur, ya kai shagonsa, ya warware shi gunduwa-gunduwa, kwana huɗu yana neman ciwon da babu.

Ɗazu da safe. Anti ta kira ni ta ce ko zan zo in duba, tunda aikin yayana na gada. Na zo na sami Malam Ubale tsugune a gindin turke. Ya zaro leda daga aljihun gaba, a cikin ledar takarda, a ninke huɗu. Shafinmu ne. Satin jiya ya sa aka buga masa a shagon kwamfuta, wai don kada a ce da tsohon bugu ya yi aiki. "Injiniya, ni fa ban kauce ko taku ɗaya ba," in ji shi. "Ga rubutun marigayi. Da in zargi rubutunsa gara in zargi hannuna." Na ji kamar a tsaga ƙasa in shige. Na ce, Malam Ubale, ƙara sifili uku, dubu talatin za ka sa. Ya dube ni, ya dubi takardar. "A ina aka rubuta haka?" Na ce sabon tsari ne. Ban ce tun yaushe ba. Shi kuma bai tambaya ba, ya hau babur ya tafi Yako ɗauko injin.

To ai shi ke nan, ko? Na faɗa masa. Zai sa dubu talatin, ruwa zai zo, in rufe laftof in koma gida, layi huɗunka suna nan yadda ka bar su. Ba yau na fara ba. Bara wani ya yi tambaya a zauren imel ɗinmu, daga wata ƙasa mai nisa, na zagaya ta bayan gida na amsa masa shi kaɗai. Kafin shi ma an yi wata. Gyaran baki. Mai tambaya in ba shi amsa, takarda kuma in bar ta da ƙaryarta. Waɗanda ba su tambaya ba fa? Nawa ne? Gonaki nawa, rijiyoyi nawa, a garuruwan da ban san sunansu ba? Ban taɓa barin kaina in ƙirga ba.

Akwai umarni guda da ake bugawa, sai ya nuna a gefen kowane layi sunan wanda ya taɓa shi a ƙarshe. Sunansa da Turanci ma'anarsa ɗora laifi, ka sha yin dariyar wannan, ka ce mutanen nan ba su iya kara ba. A da shafin nan sunanka ne daga sama har ƙasa. Na'urori suka yi ta sauyawa, na gyara nan, wani ya gyara can, sunanka yana ta raguwa kamar sabulu a hannu. Yau saura huɗu. Kalma ɗaya na ce ɗazu? Ƙarya nake wa kaina. In sakan ya tashi, talatin ma ta tashi, misalin da ka bayar ma ya tashi, duka huɗun za su koma sunana. Maza suna zuwa maƙabarta su tsaya a kanka. Mu ba ma zuwa. Ni nan nake zuwa, Yaya. In kewarka ta ishe ni sai in buga umarnin, in ga sunanka sau huɗu a jere da kwanan wata, in yi maka addu'a in rufe.

Batir saura kashi arba'in. Ƙarfe nawa? Uku ta wuce. Babbar mai kula da kundin gaba ɗaya, matar da shekara shida muna aiki ban taɓa ganin fuskarta ba, ta rubuto ta ce yau take tattara gyare-gyaren ƙarshe, ƙarfe biyar agogonmu za ta rufe. Kuma wannan fitowar ta kanel ba irin sauran ba ce, ita ce mai dogon zango, wadda masu ƙera akwatuna za su ɗauka su riƙe shekara da shekaru. In kalmar nan ta shiga cikinta, ta shiga ke nan. Wani Ubalen zai buga ta a takarda ya sa a leda.

Ina shekara tara. Ka ce akuyar Inna sai bayan Sallah za ta haihu, na ce ba haka ba ne, ai nononta ya sauko. Inna ta sauke mini ludayin miya a bayan hannuna, har yau ina jin zafinsa. "Yayan naki kike ce wa ba haka ba ne?" Akuyar ta haihu kwana biyu kafin Sallah, 'yan biyu, ba wanda ya ce Zuwaira ta yi gaskiya, ni ma ban jira a ce ba. Haka aka rene mu, kuma ban ce ba shi da kyau ba. Sunanka ma ban taɓa faɗa da bakina ba. Yaya. Tun da na iya magana, Yaya. Ko a fom in aka ce sunan ɗan'uwa, rubutawa nake yi in miƙa, ba na karantawa.

Sai ga mu a zaure, kan tabarma, shekaru bayan nan, ka juyo mini da laftof ka ce duba mini wannan. Na ga kuskuren tun kallon farko, ka sa sunan fayil ɗin da aka riga aka cire. Na yi ta murza gefen mayafi. Na ce, Yaya, ko ka ɗan sake duba nan? Ka ce me zan duba? Na ce nan dai, wajen tsakiya. Ka ce me ya samu tsakiyar? Ka san abin da kake yi sarai, mugu, kana danne dariya. Muka kai kusan rabin awa. Daga ƙarshe ka rufe laftof ɗin ka ce, "Zuwaira, a gida ni yayanki ne, ki gaishe ni a durƙushe in kin ga dama. A nan ni layi ne. In layi ya karkace ki ce ya karkace." Ka ce mutumin da ba shi da takarda zai yi tambaya, amma wanda ka miƙa wa takardar da ba daidai ba ba zai tambaya ba, don ya yarda da kai. Na gyaɗa kai. Na ce na gane. Ranar ma ban faɗa maka kuskuren da baki ba, nuna shi na yi da yatsa.

Anti ta sake saukowa. Bokitin hagu yana yoyo, rabin ruwan a hanya yake ƙarewa. Zaninta ya jiƙe har gwiwa. Ba ta kallo na, kuma wannan ya fi mini ciwo, don ba fushi take yi ba, ta bar ni ne in yi aiki.

To. Bismillah. In rubuta kawai, rubutawa ba aikawa ba ce. Faci ake ce wa gyaran, kamar na taya. Faci ɗaya, gyara ɗaya, haka ka koya mini. A faɗi abin da ya lalace, a faɗi dalili, a faɗi tun yaushe. Na farkon da na taɓa aikawa sau uku aka dawo mini da shi, imel ɗina yana cinye tazarar layuka, na yi kuka na ce mutanen nan sun tsane ni. Ka ce ba su ma san ki ba balle su tsane ki, sake. Ranar da aka karɓa ka goya ni a babur har bakin dam ka saya mini soyayyen kifi, kana gaya wa mai kifin wai ƙanwarka ta shiga tarihi. Waƙafi na gyara, Yaya. Waƙafi ɗaya da adireshin da ya mutu. Mai kifin ya ce Allah ya sanya alheri, ya ƙara mana yaji.

Na goge. Kai… na goge. Na rubuta sabon. "Lambar tana nufin ɗaya cikin dubu na sakan. Don jiran sakan talatin, a sa dubu talatin." Ga shi, bai fi haka ba. Shekara biyu da wata huɗu saboda wannan. Ban adana ba tukuna, in na danna koma-baya sau uku za ka dawo.

Tun yaushe… dole in nemo lambar sauyin da ya kawo saɓanin, ƙa'ida ce, ba a karɓar faci sai da ita. In shiga tarihin fayil ɗin. Ban taɓa gangarawa ƙasa da sunanka ba, ka sani? Kullum a kanka nake tsayawa. Ga sauyin mutumin mai ladabi. Na kwafa. Ga naka a ƙarƙashinsa. A ƙarƙashin naka kuma —

Wane ne wannan?

Wani suna, dogo, mai ɗigogi a saman haruffa, ban ma san yadda ake furta shi ba. Shi ya rubuta layukan nan kafin kai. Layi huɗun nan dai, a zamanin da ake saita lambar ta wata hanya dabam. Kai ka goge nasa. Ka goge su duka ka sa naka, ranar wata Talata, shekarar da aka haifi Zubaida, 'yarka ta fari. Ga saƙon da ka haɗa da facin, da Turancinka mai tafiya a hankali: bayanin wane daidai ne a lokacinsa, na'ura ta sauya, bayani ya bi ta, na gode masa. Ka gode masa. A ƙarƙashinsa kuma akwai wata, ita ma da sunanta da ranarta. Ba wanda ya ɓace. Duk suna nan, ɗaya a kan ɗaya, kamar yaɓen ɗakin Inna, na bana a kan na bara. Ni ce dai ban taɓa leƙawa ba.

Shekara biyu ina gadin abin da ba mai iya sacewa. Kai, Zuwaira, Allah ya shirye ki. Ina dariya ne ko kuka? Majina dai ta zo. Da kana nan da ka ce, to malamar kwamfuta, ba ki san tarihi ba ya gogewa ba? Na sani. Ina koya wa yara. Sanin kai dabam, na ƙirji dabam.

Amma fa kada in yi wa kaina sauƙi. Ba zan ƙara buga umarnin nan in gan ka a fuskar shafi ba, wannan ya tafi, sai na tono. Yana da ciwo, ba zan ce ba shi da ciwo ba. Sai dai… me nake gadi da gaske? Abin da ka rubuta don ruwa ya iso gona, shi na mayar abin da ya hana ruwa isowa gonarka. Na bar ka kana faɗin abin da ba haka ba da bakinka, kai da ba ka da ikon gyarawa. Malam Ubale ya yarda da kai, ni kuma na sa ka yi masa ƙarya. Wannan ne girmamawar? Ludayin Inna bai ce haka ba.

Saƙon facin. Abin da ya lalace, na rubuta. Dalili, na rubuta. Sai wannan layin: an sanar da ni sauyin tun lokacin, ban gyara ba, jinkirin nawa ne. In sa? Ba dole ba ne, ba wanda zai tambaya. Zai zauna a fili har abada, duk mai so ya karanta, har babbar mai kula. Za ta iya cewa to wannan ba ta dace da riƙon sashe ba. Za ta iya. Ko kuma ta rubuto kalma biyu kamar yadda ta saba, an karɓa, na gode. Ban sani ba. Na sa. Kuma na ari maganarka, ba zan nemi izini ba: bayanin daidai ne a lokacinsa, na gode wa wanda ya rubuta shi. Sai sunanka, cikakke.

Ƙarar babur. Ga Malam Ubale nan, injin a ɗaure a baya da robar taya, yana tafe yana karkata. Akwai gurbin da ake sa sunan wanda ya gano matsala, kuma ba a sa sunan mutum sai ya yarda. Na ɗaga murya na tambaye shi. Ya tsaya da sufana a hannu. "Sunana? A ciki? Inda na marigayi yake?" Na ce nan dai. Ya goge hannu a riga kamar wanda za a ɗauka hoto. "To rubuta Ubale Mai Inji, Yako. Kada ki manta Yakon." Ba zan manta ba. Mutumin da ke bin Turanci da yatsa, kalma-kalma, kwana huɗu, ya ƙi zargin abokinsa. Kundin nan akwai shi da harsuna da dama, ban da namu. Ka sha cewa wata rana. Wataƙila da shafin nan zan fara, in ya so Malam Ubale ya zama mai duba mini, ya ce nan kin yi Hausar 'yan boko, sake. Zan so hakan. Wallahi zan so.

Huɗu da rabi ta wuce. Sabis babu a gindin mangwaro, sai an hau kan tudu. Laftof a hannu ɗaya, waya a ɗaya, takalmina yana santsi a laka. Sandar sabis biyu. Ɗaya. Biyu. Ya isa. Malam Ubale ya ɗaure bututu, yana danna lambobi a jikin akwati, ina jin yana ƙirga sifili da baki. Anti ta ajiye bokitai ta je ta tsaya a bakin bututun sama, hannu a ƙugu, ba ta fi taku goma da ni ba.

Saura abu ɗaya, dokarka ta ƙarshe. Kada ki taɓa aika faci sai kin karanta shi da baki, a bayyane, daga farko har ƙarshe, kunne yana kama abin da ido ya tsallake. Shekara shida ban taɓa karya ta ba. Ina karantawa. Muryata kamar ba tawa ba. Lambar tana nufin… jinkirin nawa ne… daidai ne a lokacinsa… na gode wa wanda ya rubuta shi…

Na tsaya. Ga shi nan yana jira na. In tsallake? In ce Yaya? Ba Yaya aka rubuta ba. Daga farko har ƙarshe, ka ce. Kai ka kafa dokar, kada ka ga laifina, kada Inna ta ji.

Mujitaba.

Ashe haka yake a baki. Ɗan gajere. Ban mutu ba, sama ba ta faɗo ba. Mujitaba Ɗahiru Tiga. Anti ta juyo. Ta ji. Ita ma ba ta taɓa faɗinsa ba, shekara goma sha ɗaya a ɗakinka, Baban Zubaida take cewa. Tana kallo na kamar na buɗe wata ƙofa a gidanta.

Na danna. 'Yar da'irar nan tana juyawa, tana juyawa… kada sabis ya yi mini haka yanzu… ya tafi. Ya tafi, Yaya. Sunana ne a kan layi huɗun, in an karɓa. Wata rana na'ura za ta sake sauyawa, wata yarinya a wani gari za ta zo ta goge ni. Allah ya sa kada ta jira shekara biyu. Allah ya sa in na yi sa'a ta ce daidai ne a lokacinsa.

"Bismillah," in ji Malam Ubale, ya tayar.

Inji ya kama. Ɗaya. Biyu. Bai mutu ba. Uku — kwanakin baya da tuni ya yi shiru — huɗu, biyar. Yana ja, ina jin yana ja, ruwan sai ya hau tudun nan duka kafin talatin. Takwas. Tara. Kunyoyin sama ba za su dawo ba, waɗannan ni ce, ba tsawa ba, ba akwati ba, ba kai ba. Goma sha biyu. Duniya duka na gaya wa, mutanen da ba su san fuskata ba, da Turanci, wannan ai mai sauƙin ne. Goma sha biyar. Saura ita. Da Hausa, ido da ido, ba madannin koma-baya. Me zan fara cewa? Anti, ko kya ɗan zauna? A'a. Ba ko-kya-ɗan. In ya karkace a ce ya karkace. Goma sha tara. Ashirin. Bututun ya motsa, ko idona ne? Ya yi tari. Ya sake. Malam Ubale yana cewa ga shi nan, ga shi nan tafe, amma ita ba bututun take kallo ba, har yanzu ni take kallo, ƙafafuna kuma sun fara tafiya wajenta ban ba su izini ba… ashirin da huɗu… Anti, na sani, tun da daɗewa na sani… ashirin da biyar…